Tohon Sati Uku

Lahadi, 3 ga wata, ƙarfe shida na safe

Wannan littafin na awon masu kawo ɗinki ne. Tunda yanzu babu mai kawowa, na juya shi ta baya zan riƙa zuba abin da ke cina. Ba ni da wanda zan gaya wa. Yaya yana asibiti, Baba kuwa yana gida amma kamar ba ya nan.

Yau kwana biyar da Talatar da abin ya samu Yaya. Talata kawai zan riƙa ce mata.

Baba ya tashi tun asuba ya wasa wuƙarsa, ya goge ta da gefen riga, ya mayar aljihu. Shekara arba'in yana aurar da itatuwa: ya yanko reshen lemu mai zaƙi, ya ɗora a kan gindin lemun tsami, ya naɗe su har su zama bishiya ɗaya. Yanzu lambun yana bayan layin sojoji, wuƙar ba ta da abin yanka, amma kullum sai ya wasa ta. Na ajiye masa shayi, ya ce, "Sannu, Uwata." Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake kirana haka. Ban amsa ba.

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe, a shago

Na share shago, na zuba wa keken ɗinki mai, na zauna. Bari in rubuta yadda aka yi, don na lura har ni na fara mantawa cewa da ba haka muke ba.

Da, iyakar lambunmu wani faffaɗan dutse ne ta gabas, da tsohuwar rijiya ta yamma. Kowa ya sani, babu wanda ya taɓa ja. Sai bara sojoji suka zo suka kafa hasumiyar ƙarfe a kan tudu, da kyamara a ƙolinta tana juyawa. Suka kakkafa turaku masu launin rawaya, suka ce kada kowa ya ƙetare. A lokacin lambunmu yana ta ɓangarenmu, sai muka ce Allah ya kyauta, muka ci gaba da harkarmu. Wata biyu da suka wuce saƙo ya shigo wayar kowa da kowa: an matso da layi. Kafin la'asar turakun sun tsallake lambunmu sun tsaya a bakin kwalbati.

Baba ya kwashi takardunsa ya tafi ofishinsu, na raka shi. Wani soja mai ladabi ya ba shi kujera, ya karanta takardun tas, sannan ya juyo mana da kwamfuta. Ga lambunmu daga sama, bishiyoyin Baba kamar maɓallai a kan riga.

"Baba, takardarka gaskiya ce," in ji shi. "Amma an kawo mana sabuwar kyamara. Iyakarmu inda idonta ya kai."

"To in kuka sayo wadda ta fi ta gani fa?"

"Sai mu ƙara matsowa, Baba."

Bai faɗa da mugunta ba, wallahi har ruwan sanyi ya ba mu. Daga baya suka kafa alluna masu jan rubutu, suna cewa sun binne nakiyoyi a ƙasa.

Talata, 5 ga wata, da rana

Sati ɗaya.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na dawo daga asibiti. Gadon Yaya ne na uku daga ƙofa, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Ya rame, amma bakin nan nasa yana nan. Yana ganina ya ce, "Tela! Kin samu wanda zai rage miki ɓarnar yadi." Na ce masa ya rufe mini baki. Ya yi dariya, ni ma na yi, sai na fita wai zan wanke kofi.

Nas ta zo canza bandeji. Hannunta da sauri, mutane sun yi mata yawa, ba laifinta ba ne. Amma ta ɗaure da ƙarfi ta sama, ta bar ƙasa sako-sako. Yaya ya cije leɓe, ya kalli silin. Da ta tafi ya ce a hankali, "Da Baba ya ga wannan naɗin, da ya sa ta kwance ta sake."

Sannan ya ce, "Bai zo ba?"

Na ce ƙafarsa ce ke ciwo. Kalmar ta fita kafin in kama ta. Yaya ya yi kamar bai ji ba.

Ya ba ni saƙo in kai wa Baba. Ɗan gajere ne. Tun ranar da ya farfaɗo yake ba ni shi. Ban kai ba.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Jirgin nan mara matuƙi ya yi shawagi a kan unguwa tun kafin rana ta fito. Mutane sun sa masa Ƙuda saboda ƙararsa. Ba ya yin komai, kallo kawai. Duk da haka na tsinci kaina ina kwashe shanya, kamar mai jin kunyar baƙo.

Baba ya hau saman ɗaki, ya tsaya yana kallon gabas. Daga can ana hango kan bishiyoyin. Na san wadda yake nema. Lemun Inna yana tsakiyar lambu, kusa da hanyar ruwa. Ita da kanta ta aura shi shekarar da ta haife ni, da reshen da ta zo da shi daga gidansu, naɗe a cikin jiƙaƙƙen ɗankwali. Babu irinsa a duk yankin nan, ɓawonsa siriri, ba ya da ƙwallo sai ɗaya ko biyu. Baba ya aura wa kowa itatuwa, amma bai taɓa yankar reshen wannan ya ba wani ba. Rowa ce, in ji Inna, tana dariya. Yau shekara shida da rasuwarta, kuma rowar ce ta jawo babu shi ko'ina sai can.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

To bari in rubuta, tunda littafi ba ya kai tsegumi. Baba ne ya aiki Yaya lambu.

Rani ya yi tsanani, kusan wata biyu babu wanda ya ba bishiyoyin ruwa. Baba ya ce sauran za su jure, amma na Inna ya tsufa. Ya ce shi ya san ƙasar nan kamar tafin hannunsa, wanda ya bi ta cikin hanyar ruwa babu abin da zai same shi, don babu mai hankalin da zai binne abu a cikin kwata. Ya ce zai je da kansa. Yaya ya ce, "Da wannan bayan naka za ka ɗauki jarka biyu?" Ya karɓe su. Ina tsaye ina guga, ban ce uffan ba. Wannan ma in rubuta shi.

Baba ya san ƙasar, gaskiya ne. Amma ƙasar da ya sani ba ita ce a wurin yanzu ba.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe goma na safe, a shago

Na kawo wandunan Yaya guda uku. Na auna, na sa alli, na ɗauki almakashi, na ajiye. Na sake ɗauka. A ƙarshe ban yanke ba, naɗewa na yi ta ciki na kama da zare. In ya ga dama ya ce aikin banza na yi.

Mai kemis ɗin da ke jikin shagona ta leƙo da ruwan zafi. Ta ce ta ga kwana biyu ba na yi wa Baba magana. "Haba, ƙanwata, mahaifi mahaifi ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka..." Sai ta tsaya, ta dafe baki. Muka kalli juna. Ban san ya aka yi ba, sai muka fashe da dariya, har na kifa kai a kan keke, daga nan dariyar ta koma wani abu. Ta riƙe ni har na gama.

Laraba, 13 ga wata, da safe

Takalmin Yaya na hagu yana bayan ƙofa. Kullum ina sharewa ta gefensa.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Sabon saƙo a waya. Ranar Asabar ta sama, 23 ga wata, za a sare duk bishiyoyin da ke cikin layi, wai suna tare wa kyamara gani. Sun ce a yi haƙuri.

Na karanta wa Baba, maganata ta farko da shi ke nan tun Talata. Ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya ce, "Kwana tara." Ya shiga ɗaki, na ji yana buɗe akwatin Inna. Da ya fito, ɗankwalinta ne a hannunsa, mai ruwan ƙasa.

Na san abin da ke ransa. Reshe ɗaya kawai yake so, tsawon yatsa biyu, ya aura a tsakar gida. Na tare ƙofa na ce, "Baba, in ka ƙetare layin nan, kada ka sa ran zan zo nemanka." Ƙarya nake yi, shi ma ya sani. Ya ce, "Ba inda za ni, Uwata." Shi ma ƙarya yake yi.

Ina jin haushinsa, kuma ina tsoron rasa shi, duka biyun a ciki ɗaya. Ban san mutum zai iya ɗaukar haka ba.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana, a shago

Yau na samu aiki. Wani soja ya shigo, ba yaro ba ne, da furfura a gemu, ya ajiye wanduna biyu duk gwiwoyinsu sun cinye. Ya ce a sa masa faci mai kauri. Na so in ce ba na ɗinkin sojoji. Sai na ga yadda yake tafiya, kansa a ƙasa, yana ajiye ƙafa kamar mai tsoron taka ƙwai, har a kan simintin shagona.

Na ce, "Malam, rarrafe kake yi da su?"

Ya ce, "Shi ne aikin, Malama. Ni ke cire nakiya. Abokaina su binne, ni in tone." Yanzu hanya yake buɗewa a cikin lambuna don katafila ta samu shiga ranar Asabar. Taku goma yana cin masa wuni guda.

Na faɗa masa inda lambunmu yake. Ya ɗago ya kalle ni a karon farko. "Mai jarka ɗan'uwanki ne?"

Shi ne ya fito da Yaya. Awa huɗu ya yi a kan gwiwa kafin ya kai gare shi, yana yi masa hira don kada ya yi barci. Ya ce, "Mutumin nan da surutu, ni ya riƙa ba wa haƙuri." Na yi masa faci ninki uku, da yadin da ya fi kowanne ƙarfi a shagon. Na roƙe shi abu ɗaya: reshen lemun Inna. Na zana masa lambun a bayan takarda, na sa alama a kan bishiyar. Ya ninke ya sa a aljihu, ya ce bai yi alkawari ba.

Na sa masa suna Mai Gwiwa.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na gaya wa Baba. Ya ce, "Soja ya san reshe?" Na ce ya san hanya dai, wadda kai ba ka sani ba. Na ga maganar ta shige shi. Ban ji daɗi ba kamar yadda na zata.

Ya yarda zai jira zuwa Alhamis. Na ɓoye takalmansa a cikin buhun ƙyallaye duk da haka.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An ba Yaya sanduna. Ya yi taku shida zuwa taga, ya dawo yana haki, ya ce gobe zai yi tsere da nas. Bandejin ya sake zamewa.

"Kin kai saƙona?"

"Zan kai."

"Tela," in ji shi, "ni aka yanke wa ƙafa, ke kike ɗingishi."

Ga shi na rubuta. Shi ya faɗa, ba ni ba.

Laraba, 20 ga wata, da safe

Ƙuda. Shayi. Wuƙa.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Mai Gwiwa ya zo har gida. Ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, ya zaro wani abu daga cikin riga, naɗe da jiƙaƙƙen hankici. Ya ce, "Baba, na zaɓo maka waɗanda suka fi kyau. Na saman duk sun yi yaushi, amma a ƙasa, wajen gindi, ga su nan shar."

Tun kafin a buɗe na gane. Ni 'yar mai aurar da itatuwa ce, na san abin da ke fitowa a gindi. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon aure ba na lemun zaƙi ba ne, na tsamin da ke ɗauke da shi ne. Laifina ne, na zana masa bishiya ban gaya masa ya ɗaga kai ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kallon ƙasa, ina zai duba in ba ƙasa ba?

Baba ya buɗe. Rassa uku, kore shar, da 'yan ƙayoyi. Ya murza ganye ɗaya ya kai hanci. Ƙamshin tsami ya cika tsakar gida har ni na ji.

"Sun yi, Baba?" in ji Mai Gwiwa.

"Sun yi, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya tsare gwiwoyin nan." Har ruwa ya sa na kawo masa. Mai Gwiwa ya ce da ma yau ce ranarsa ta ƙarshe a wurin, gobe za a rufe hanyar sai masu katafila. Ya tafi yana murna, kansa a ƙasa.

Baba ya zauna a kan tabarma da rassan a cinya. Ni kuma ina ta lissafin ƙofofi da makullai, don na san yanzu babu abin da zai hana shi tafiya. Sai na ga ya daina shinshina, ya fara aunawa. Ya ɗora reshen a tafin hannu, ya gwada da yatsu. Ya lanƙwasa shi, ya danna farce a jiki, ruwa ya fito.

"Uwata," ya ce, "yaushe rabon da a yi ruwan sama?"

"Wata huɗu."

"Wannan tohon na sati uku ne. Bishiyar da ke jin ƙishi ba ta toho. Wani ya ba ta ruwa sati uku da suka wuce. Ruwa mai yawa, a gindi, yadda na koya masa." Ya ɗago ya kalle ni. "Ya kai. Ashe ya kai."

Duk kwanakin nan yana zaton a hanyar shiga abin ya faru, cewa ya aiki ɗansa a banza. Bai tambayi kowa ba, ni kuma na bar shi a haka.

Na durƙusa na gaya masa. Saƙon Yaya ke nan: "Ki ce wa Baba lemun Inna ya sha, jarka biyu, ban zubar da ko ɗigo ba." A hanyar dawowa ne ya taka nakiyar. Na ce na riƙe saƙon ne don ba na so ya samu sanyi ko kaɗan, don ina so ya ji abin da nake ji. Na ce ya yafe mini. Ya ɗora hannu a kaina, hannun yana ƙamshin lemun tsami. Mun daɗe a haka har shayin da na ɗora ya ƙone.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe uku na rana

Bai fita ba, bai hau saman ɗaki ba. Ya cika tsohon bokiti da ƙasa, ya soke rassan uku a ciki, ya kifa musu leda, ya ajiye a inuwa. Na ce ai tsami ne. Ya ce ya sani.

Ban yarda da shirun nan ba. Takalman suna cikin buhu.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ba ya ɗakinsa. Buhun a buɗe. Ina jin ƙarar katafila daga gabas.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Da silifa ɗaya na isa kwalbati. Mutane sun taru a bayan turaku suna kallo, kowa yana nuna tasa bishiyar tana faɗuwa. Ƙuda yana sama. Na bi fuska ɗaya bayan ɗaya ina kiran Baba, kamar a duniya shi kaɗai ne Baba, tsofaffi huɗu suka waiwayo. Wani ya ce bai ga kowa ya ƙetare ba. Na tsaya har na ga kan lemun Inna ya karkata, ya ɓace daga inda yake tun ranar da aka haife ni. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Sannan na tafi asibiti, ina ta juya yadda zan gaya wa Yaya cewa na ɓatar da Baba.

Gado na uku daga ƙofa. Baba yana zaune a bakin gadon, ya naɗe hannun riga, dungun ƙafar Yaya a kan cinyarsa. Ya kwance bandejin nas gaba ɗaya yana sake naɗawa, daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye yana hawa rabin na bayansa, babban yatsa yana bi yana lallashi. Haka na ga yana yi wa itatuwa tun ina rarrafe. Nas tana tsaye ta riƙe ƙugu, ta zo faɗa ta ƙare da kallo.

"Ya yi tsauri?" in ji Baba.

"A'a."

"Ka faɗi gaskiya. In ya matse, ruwa ba ya hawa. In ya saki, iska ta shiga."

"Baba, ni ba lemu ba ne."

"Rufe mini baki, ka riƙe nan."

Yaya ya riƙe. Hawaye suna gangara masa har cikin kunne, yana dariya. Ya hango ni a ƙofa ya ce, "Tela, ina ɗaya silifar? Ko ke ma kin shigo ƙungiyarmu?"

Na ce an sare. Baba bai ɗago ba, ya ce ya ji ƙarar tun daga hanya. Ya zaro ɗankwalin Inna daga aljihu, wanda ya tanada don reshen, ya ninke shi biyu, ya naɗe a kan bandejin don kada ya zame. Sannan ya fito da wuƙarsa ya yanke bakin zaren da ya yi saura.

Nas ta ce gobe ƙarfe takwas ake canzawa. Baba ya ce zai zo bakwai da rabi.